Zuwa ga Edita: A raba aya da tsakuwa kan rawar sandar ƙarfe da lilon yadi

Assalamu alaikum Malam Edita, ina fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana kan wani abu da na san da yawan masu karatu da sun ji sunan shi za su ɓata rai, wato motsa jikin nan da ake yi a jikin sandar ƙarfe wadda ake kafawa daga ƙasa zuwa silin, da ɗan uwanshi na lilo da dogon yadi ko zoben ƙarfe da ake ratayawa a sama. Bidiyoyin abun sun cika TikTok da Instagram yanzu, kuma mutane sun rabu biyu a kai, wasu da sun gani sai tsinuwa, wasu kuma musamman 'yan mata da samari abun ya burge su har sun fara neman yanda za su gwada a ɗaki su kaɗai. Ni ina yin wannan motsa jikin, a aji na mata zalla, mace ke koya mana, jikina a rufe, kuma na ga amfanin shi a lafiyata. Amma gaskiya ba masu tsinuwar ne suka sa na ɗauki biro ba, masu gwadawar nan ne, don su nake jin tsoro, saboda abun da babu wanda ke yarda ya yi maganar shi a fili to a ɓoye za a koye shi, kuma wannan wasan in aka koye shi a ɓoye ƙarshen shi karaya.

Bari in fara da abun da ake zargi, bazan ɓoye ba. Rawar sandar ƙarfe ta zamani daga gidajen rawar dare na Kanada da Amurka ta fito, a shekarun 1980 ta bazu a can, kuma wata 'yar Kanada mai suna Fawnia Mondey wadda tana cikin na farko da suka fara koyar da ita ga sauran mata a 1994, ita ma daga wannan harkar ta fito. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya ce maka ba haka bane to yana so ne ya wanke abun da ƙarya, kuma har gobe akwai masu yin ta don wannan manufar, ni bana yi bana kuma kira a yi. To amma hawa sanda da ƙarfin hannu da ƙafa ya girmi waɗancan gidajen da ɗaruruwan shekaru. A Indiya akwai wasan Mallakhamb wanda 'yan kokawa ke yi a jikin ƙaton turken katako da ake shafe shi da mai, an ambace shi a rubuce tun ƙarni na 12, an nuna shi a lokacin gasar Olamfik ta Berlin a 1936, jihar Madhya Pradesh ta maida shi wasan jiha a 2013, sannan aka yi gasar duniya ta farko a Mumbai a 2019, kuma yara maza da mata ne ke yi iyayensu na tafa musu. A ƙasar Sin ma 'yan wasan tsalle-tsalle sun daɗe suna hawa dogayen sanduna da kayansu cif a jiki. Ba wai ina cewa na zamanin daga waɗannan ya samo asali ba, kowanne da tushen shi, abun da nake so a gane shi ne mutum ya ɗaga jikin shi a kan sanda ba shi ne batsar ba, inda aka yi da shigar da aka yi da wanda ake wa, su ne ke maida shi haka.

Yanzu ma wasan sandar ƙarfen na zamani har hukuma gare shi ta duniya, IPSF, wadda Katie Coates 'yar Ingila da Tim Trautman ɗan Amurka suka kafa a 2009, suka yi gasar duniya ta farko a Landan a 2012, a 2017 kuma babbar ƙungiyar hukumomin wasanni ta duniya ta wancan lokacin, GAISF, ta basu matsayin 'yan kallo, wato ba cikakken mamba ba tukuna. Bai shiga Olamfik ba, kar wani ya ce na faɗa. A gasar tasu sanda biyu ake kafawa, ɗaya a tsaye take ƙam ɗaya kuma tana juyawa, alƙalai na bada maki kan ƙarfi da lanƙwasa da tsaftar motsi irin yanda ake yi a jimnastik, ba a sa dogon takalmi, ba a yarda da motsin jan hankali ba, akwai rukunin maza, akwai na mata, akwai na masu buƙata ta musamman, akwai na waɗanda suka haura 50. Wata Ba'amurkiya Greta Pontarelli sai da ta kai shekara 59 ta fara, saboda matsalar raunin ƙashi, ta zo ta ci gasar duniya a rukunin manya ba sau ɗaya ba.

Sai maganar sutura, wadda na san ita ce ta fi tsaya wa mutane a rai, kuma suna da gaskiyar su. Dalilin da ya sa kake ganin masu yin sandar ƙarfe da guntayen kaya, ban da masu yi don nuna jiki, shi ne ƙarfen santsi gare shi, fata ce kawai ke kama shi, bayan gwiwa da cinya da gefen ciki da hammata su ne ke riƙe mutum in ya saki hannu, in ka sa wando na yadi sai ka zame ka faɗo. To amma ai ba kalar sanda ɗaya bace a duniya. Akwai ta kurom, akwai ta ƙarfe mara tsatsa, akwai ta tagulla, waɗannan duk fata suke so, sannan akwai wadda aka lulluɓe da silikon, wato wani abu mai kama da roba, ita wannan dole ma sai da dogon wando da riga mai dogon hannu ake hawan ta don in fata ta gogu da ita ƙonewa take. Irin ta nake hawa. Akwai kuma wanduna da ake yi musamman masu ɗan danƙo a jiki waɗanda ke kama ƙarfen ba sai an buɗe ƙafa ba.

Shi kuwa lilon yadi lamarin shi ma akasin haka ne gaba ɗaya, koci ba za ta bari ki hau ba sai kin rufe ƙafa har idon sawu, kin rufe ƙugu, kin rufe hammata, saboda yadin in ya zame a kan fata da nauyin mutum a kai yana ƙona ta sosai, har ya saɓule. Haka zoben ƙarfe, bayan gwiwa ake rataya da shi, ba mai son ya hau da fata a buɗe. Wato wanda duk damuwar shi sutura ce to akwai hanyar da zai yi wannan wasan bai buɗe komai ba.

Inda ni nake ganin matsalar take da gaske shi ne kyamara. Mace ta shiga aji da 'yan uwanta mata ta yi zufa ta fito, wannan daban, amma ta ɗauki bidiyo ta watsa wa duniya tana jiran a yaba, wannan wani abu ne kuma daban, kuma shi ne ke sa ake wa kowa kuɗin goro. A ajinmu doka ce ba a ɗaukar kowa, in kina so ki ga kuskurenki koci ta ɗauke ki da wayarki ke kaɗai, ki kalla ki gyara. Ina ganin duk ajin da bashi da irin wannan dokar bai kamata mace mai kishin kanta ta zauna a cikin shi ba, kuma wannan ra'ayina ne, na tsaya a kai.

To me ake samu a ciki da har mutum zai jure duk wannan surutun? Ƙarfi, Malam Edita, ƙarfin hannu da kafaɗa da baya da ciki, irin wanda mata da yawa ba a taɓa cewa su nema ba. Yawancin abun da ake ce wa mace ta yi shi ne tafiya da gudu da rage cin abinci, duk don ta rame, ba wanda ke ce mata ki iya ɗaga nauyin jikinki da hannunki. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2020 cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, sannan ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati, wannan na biyun kusan kowa tsallake shi yake. Tsokar mutum tana fara raguwa a hankali daga ya wuce shekara 30 in baya aiki da ita, ƙashin mace kuma yana saurin yin rauni bayan al'ada ta ɗauke, kuma aikin da ke ɗora wa tsoka da ƙashi nauyi yana cikin abubuwan da ke rage wannan lalacewar. Ana iya samun haka da ɗaga ƙarfe a jim, ban musa ba, sai dai mutane da yawa gajiya suke su bari saboda abu ɗaya ake ta maimaitawa, nan kuwa kullum akwai wani sabon abu da kike bi, yau ki iya riƙe kanki ƙafa bata taɓa ƙasa ba, wani watan ki hau har sama, wani watan ki zauna a cikin yadin ki saki hannu biyu. Ranar da mace ta fara hawa da ƙarfinta ta taɓa saman sandar nan wallahi fuskarta canzawa take, na ga matan da suka haifi 'ya'ya har sun girma suna hawaye don murna, don tunda suke basu taɓa zaton jikinsu zai iya ba. Kuma yayin da kike rataye a sama babu damar tunanin bashi ko rigimar gida, hankalinki kaf yana kan ina hannuna yake ina ƙafata take, in kin sauko sai ki ji kanki ya yi sakayau.

Ba daɗi zalla bane fa. Farkon farawa jini na kwanciya a ƙafa da cinya ki ga tabo baƙi-baƙi, tafin hannu ya yi bororo daga baya ya yi kanta, yadin in ya naɗe tafin ƙafa yana matsa ta da zafi, sanda mai juyawa da zobe suna sa hajijiya har da tashin zuciya kafin jiki ya saba. Waɗannan duk suna wucewa. Waɗanda basa wucewa su ne nake so a ji.

Abu na farko kuma mafi girma shi ne inda aka rataya yadin. Mutane na ɗauka in ƙugiya ta iya ɗaukar nauyin mutum a tsaye shikenan, ba haka bane sam. Mutum in yana lilo ko ya sako kanshi daga sama yadin ya tare shi, nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar yana ninka nauyin jikin shi sau uku, sau biyar, wani lokacin har fiye, wato mai kilo 60 za ta iya sauke wa ƙugiya kilo 300 a cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu aikin rataya 'yan wasa suke bin ƙa'idar cewa kayan su iya ɗaukar ninki 10 na abun da za a ɗora musu, kuma injiniyan gini ne ke duba bim ɗin kafin a huda. To ka kwatanta wannan da yarinyar da ta sayi yadi a intanet ta ɗaura a ƙugiyar fanka, ƙugiyar da aka yi don fanka mai 'yan kilo kaɗan, kamar a ɗaure sa ne da zaren ɗinki. Reshen bishiya ma haka, daga waje lafiya lau daga ciki ya ruɓe, baya bada sanarwa kafin ya karye. Kuma yadin kanshi ba kowane yadi bane, ba siliki bane duk da a Turanci siliki ake kiran shi, wani saƙi ne na nailan ko foliyesta da aka gwada ƙarfin shi, labule ko zanin gado ba za su yi ba, haka ƙarafunan da ake maƙala shi da su akwai lambar nauyin da suke ɗauka a rubuce a jikinsu, wanda babu lamba a jiki kar a yarda da shi.

Sandar gida ita ma haka. Yawancin su matsewa suke tsakanin ƙasa da sama ba tare da ƙusa ba, to dole saman ya zama kankare ko daidai kan bim, in aka matse ta a jikin silin na filasta ko na kwali wata rana za ta ɓurma shi ta taho da mutum. Kuma akwai na wasa masu arha da ake sayarwa waɗanda ba a yi su don a juya a kife a kai ba. Kafin kowane hawa ana girgiza ta a ga ko ta saki, a goge ta da sifirit, ranar kuma ba a shafa mai ko loshan a jiki don shi ke sa zamewa, har wadda za ta hau bayanki sai ta zame. Zobe da agogo da sarƙa da ɗan kunne duk a cire, suna yaga yadi suna kuma yanka yatsa.

Na biyu, ba a yi mutum shi kaɗai, ko ya ƙware. A lilon yadi naɗi ɗaya in kika yi shi ta baya maimakon ta gaba, ko dai yadin ya sake ki gaba ɗaya ko ya ƙulle ki a sama ki kasa sauka hannu kuma yana gajiya, wani lokacin ya zagayo kusa da wuya, to wa zai taimake ki in ƙofa a rufe take ba kowa? Shi ya sa duk sabon naɗi a ƙasa-ƙasa ake koyon shi, inda in ƙafa ta sauka za ta taɓa katifa, sai an maimaita har jiki ya haddace sannan a ɗaga sama. Katifar ma mai kauri ce ta musamman, ba 'yar tabarmar yoga ba. Faɗowa da ka ko da daga tsayin mita 1 ne ya isa ya taɓa lakar wuya, kuma wannan ba ciwon da ake warkewa a sati bane.

Na uku gaggawa. Abun da ke burge mutane a bidiyo shi ne kifewa, kai ƙasa ƙafa sama, to sai mai koyo ta riƙa wurga ƙafa da ƙarfi don ta kai, alhali cikinta da kafaɗarta basu yi ƙarfin ɗaga ta a hankali ba, daga nan ake samun ciwon kafaɗa da na haƙarƙari da wuyan hannu, kuma kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi shan wahala a wannan wasan. Tsoka tana saurin ƙarfi amma jijiyoyin gaɓa sun fi ta jinkiri, sai ki ji kamar kin iya alhali gaɓar bata shirya ba. Koci ta gari za ta sa ki ɗumama jiki sosai, ta sa ki yi kowane motsi ta dama da ta hagu ko da ɗayan baya miki daɗi, ta hana ki kifewa sai ta ga kin isa, ta kuma ce ki huta tsakanin ranaku. Wadda ta ce zo in kifa ki a ranar farko ki gudu. Wanda kuma bai samu wajen da aka rataya kaya yanda ya kamata da mai koyarwa da ta san aikinta ba, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ya tsaya a ƙasa ya gina ƙarfin tukuna, rataya da hannu a ƙarfen jim, ɗaga gwiwa zuwa ƙirji, turin ƙasa, duk su ne tushen abun kuma ko 'yan wasan da suka ƙware kullum sai sun yi su.

Akwai kuma waɗanda kifewa bata dace da su ba sai likita ya yarda, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido wato gilakoma, mai juna biyu, wadda bata daɗe da haihuwa ko tiyata ba, mai matsalar ƙashin baya ko wuya, mai yawan jiri. Ƙiba ko shekaru su kam basa hana farawa, akwai lilon da ake ɗaure yadin ya zama kamar majanyi a daidai ƙugu, ana yin shi ƙafa na ƙasa, da shi da yawa ke farawa.

Maza ma ina so su ji, don wasu na ɗauka harkar mata ce. Wanda ya ƙirƙiro lilon sanda na tashi sama, wato sandar da ake ratayawa da igiya biyu ana lilo a kai, namiji ne, Jules Léotard, ya fara nuna shi a birnin Faris a 1859, kuma kamfanin Cirque du Soleil na Kanada da aka kafa a 1984 wanda ya taimaka wajen sanar da duniya lilon yadi cike yake da maza. Saurayin da ke taƙama da ƙwanji ya gwada riƙe jikin shi a miƙe a gefen sanda da hannu biyu kawai ya gani. Su ma dai dokar ɗaya ce, su nemi ajinsu, su rufe jikinsu, su duba abun da suka rataya a kai.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne a shafinku na lafiya ku samo likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi ya yi bayani kan kafaɗa da wuya da waɗanda bai kamata su kife ba, ku kuma samo injiniyan gini ya faɗa wa mutane da bakin shi abun da silin zai iya ɗauka da wanda bazai iya ba, don ni mai sha'awa ce kawai, maganar su za ta fi tawa nauyi. Iyaye kuma in kun ga an kawo wa 'yarku wani dogon yadi ko sanda a kwali, kafin faɗa ya sa ta koma yi a ɓoye in kun fita, ku zauna da ita ku tambaye ta a ina za ta rataya, wa zai koya mata, wa zai tsaya a kusa, kuma wayarta tana ina lokacin da take yi.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Daga wata mai karanta jaridarku.